Filin Tambaya da Amsa: Ɗakin Tace Bidiyo a Cikin Gida

Wasiƙun wannan karon kusan bakinsu ɗaya. Wasu na son kafa wurin tace bidiyo a gida, wasu kuma aikin ne ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsu. Mun taƙaita tambayoyin, mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Abu guda da ya yi ta maimaituwa shi ne, yawancin masu tambaya sun riga sun yanke abin da za su saya tun kafin su gano inda ciwon yake.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kwamfutata ta tebur tana aiki lafiya lau da bidiyon 1080, amma tun da na koma ɗauka da 4K sai hoton ya riƙa maƙalewa yana tsalle, musamman idan na ja baya. An ce in sayi babban katin hoto. Shi ne maganin? — Wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Fara buɗe Task Manager idan Windows kake amfani da shi, ko Activity Monitor idan Mac ce, ka kunna bidiyon daidai inda yake maƙalewa, ka zuba ido kan abu huɗu: firosesa (mai yi wa kwamfuta lissafi), RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi), faifan ajiya da katin hoto. Wanda ya kai maƙura shi ne mai laifi. A irin abin da ka bayyana, sau da yawa za ka tarar firosesa ta kai kashi 100, katin hoton kuwa yana zaune yana hamma.

Dalili yana cikin yadda kyamara ke adana hoto. Galibin kyamarori da wayoyi suna amfani da kodek, wato tsarin matse bidiyo, na H.264, wanda ya fito a 2003, ko H.265 na 2013. An ƙirƙire su ne don fayil ya ƙanƙance, ba don a ji daɗin yanka ba. Sukan ajiye cikakken hoto guda, sannan firem ɗin da ke biye ba a rubuta komai a kansu sai bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu. Kamar littafin lissafi ne da aka rubuta jimilla sau ɗaya a kan shafi, daga nan sai “an ƙara kaza, an rage kaza”. Mai son sanin abin da ya rage a tsakiyar shafi dole ya koma sama ya biyo lissafin. Haka kwamfutarka take yi duk lokacin da ka tsaya a wani firem ko ka ja baya. Ga shi kuma firem ɗin 4K fiksel, wato ɗigon hoto, 3840 ne sau 2160, wajen miliyan 8.3, ninki huɗu na miliyan 2 da ’yan kai da ke cikin 1080.

Maganin da ba ya cin ko sisi shi ne furokzi, wato ƙaramin kwafi mai sauƙin karantawa wanda za ka yi yanka da shi, idan an zo fitarwa manhaja ta koma kan na asali. DaVinci Resolve da Premiere Pro da Final Cut Pro duk suna yi, har da Kdenlive da Shotcut na kyauta. Zaɓi fayilolinka a cikin manhaja, ba ta umarnin yin furokzi, ka sa kodek ɗin ya zama ProRes Proxy ko DNxHR LB, girman kuma rabi ko rubu’in na asali. A waɗannan kodek kowane firem cikakke ne, yana tsaye da ƙafarsa. ProRes Proxy a 1080 yana cin kusan gigabait 20 a awa guda. Bar kwamfutar ta yi da dare, da safe ka tarar da aiki kamar ba ita ba. Wuraren da ake tuntuɓe biyu ne: idan a wata manhajar ka yi furokzin, dole yawan firem a sakan da yawan layukan sauti da sunan fayil su dace da na asali, in ba haka ba haɗin ya ƙi, sannan kafin ka fitar da aiki ka tabbata ba a saita manhajar ta fitar daga furokzi ba, don kada ka miƙa hoto mai hazo.

Akwai kuma wani abu da mutane ke da shi ba su sani ba. Firosesocin Intel masu ɗan katin hoto a ciki suna da sashen Quick Sync, wanda ya zo tun 2011, aikinsa kwance irin waɗannan kodek. Waɗanda lambarsu ta ƙare da harafin F ba su da shi. A wasu madabod kuma, wato babban farantin cikin kwamfuta da ake soka sauran kayan a kai, da zarar an saka katin hoto na daban sai na cikin ya mutu, sai an shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfuta, an tashe shi. Idan kyamararka tana ɗaukar H.265 mai bit 10 a tsarin 4:2:2, wato mai ɗauke da ƙarin bayanin kala, wannan sashen na Intel daga zubi na 11 zuwa sama yana kwance shi, alhali katunan Nvidia sai a jerin RTX 50 suka fara iyawa. Ka ga mutum zai iya sayen kati mai tsada, ya dawo gida tsugune ba ta ƙare ba.

Katin hoto yana da ranarsa. Idan maƙalewar ba ta zuwa sai ka ɗora gyaran kala, ko share ƙurar hoton dare, ko daidaita girgizar kyamara, to shi ne ya gaza, musamman a Resolve da ke jingina da shi ƙwarai. Don 4K nemi mai ƙwaƙwalwar kansa ta gigabait 8 zuwa sama. Kafin ka biya, auna tsawon akwatin kwamfutarka, ka duba wat nawa akwatin wutarta ke bayarwa da irin bakin wayar da katin ke buƙata.

TAMBAYA: RAM ɗina gigabait 8 ne, sanda ɗaya. In ƙara nawa? — Wata mai karatu

AMSA: Malama, 16 don 1080, 32 don 4K. Sama da haka sai mai haɗa hotuna masu hawa-hawa a After Effects ko Fusion. Sanda biyu masu girma ɗaya sun fi sanda ɗaya babba, domin firosesa za ta riƙa ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. A madabod mai gurbi huɗu yawanci gurbi na biyu da na huɗu ake cikawa, amma duba littafinsa. DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5, kada ki danna da ƙarfi. In laftof ce, bincika ko RAM ɗin a liƙe yake. Na Mac masu firosesar M duk ba a ƙara musu, abin da aka saya da shi da shi za a zauna. Ki sani kuma, ƙarin RAM ba ya ƙara gudu sai idan dā ma cika yake yi. Idan kina aiki kina ganin rabinsa babu kowa, matsalar tana wani wuri.

TAMBAYA: Faifai ɗaya gare ni mai juyawa, terabait 2, komai a kansa yake. Na sayi SSD, wato faifai marar juyawa, na waje amma kwafi yana tafiyar hawainiya, bai fi megabait 40 a sakan ba. An cuce ni ne? Kuma yaya zan tsara ajiyata? — Wani mai karatu

AMSA: Da wuya a ce an cuce ka, ɗan’uwa. Lambar nan 40 ita ta tona asiri: iyakar USB 2.0 ke nan a aikace. Ko dai ka soka shi a tsohon gurbi, ko kuma, wanda ya fi yawa, ka haɗa shi da wayar cajin waya. USB-C siffar baki ce kawai, ba alƙawarin gudu ba, kuma da yawan wayoyin caji a cikinsu USB 2.0 ne. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Nemo wayar da ta zo da faifan. Gurbi mai gigabit 5 zai ba ka wajen megabait 400 a sakan, mai gigabit 10 wajen 1,000, Thunderbolt mai gigabit 40 ya wuce nan nesa. Idan kuwa kwafin yakan fara da gudu sannan bayan ’yan mintoci ya faɗi warwas, wannan halin SSD mai araha ne: yana da ɗan sashe mai saurin karɓa, in ya cika sai a koma ainihin gudunsa. Zafi ma yana jawo haka.

Batun tsari, yi lissafi kafin saye. Kyamara mai ɗauka a megabit 100 a sakan, raba da 8, megabait 12.5 ke nan a sakan, gigabait 45 a awa. Faifai mai juyawa yana ba da megabait 150 zuwa 200 a sakan idan fayil ɗin a jere yake, saboda haka layi ɗaya na irin wannan bidiyon ba ya gagararsa. Inda yake durƙusawa shi ne idan an haɗa masa aiki goma: Windows na karatu, manhaja na rubuta fayilolin wucin gadi, ga bidiyo, ga sauti, allurarsa guda tana ta kai-komo. Haka kuma idan ka koma ProRes 422 a 4K, wanda ke neman wajen megabait 74 a sakan, gigabait 265 a awa. Jera kyamara uku a lokaci guda ka haura 220, ka wuce ƙarfinsa.

Raba aikin gida uku. SSD na ciki, gigabait 500 ko terabait 1, don Windows da manhajoji. SSD na biyu don aikin da ke hannu da furokzi da fayilolin wucin gadi. Mai juyawar kuma ya koma rumbu, wurin ayyukan da aka gama. SSD nau’in SATA yana kai megabait 550 a sakan, nau’in NVMe 3,500 a PCIe 3.0, wajen 7,000 a 4.0. Gaskiyar magana, tashi daga mai juyawa zuwa SATA shi ne canjin da za ka ji a jikinka; daga 3,500 zuwa 7,000 a yanka na yau da kullum da ƙyar ka lura. Bar kashi 15 zuwa 20 na kowane SSD babu komai. In za ka sayi sabon mai juyawa, nemi nau’in CMR, domin SMR yana sanyin jiki idan aka daɗe ana zuba masa manyan fayiloli.

Kada ka tsara faifai da FAT32, ba ya karɓar fayil da ya haura gigabait 4. Windows kaɗai, NTFS. Mac kaɗai, APFS. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. exFAT na shiga ko’ina, sai dai ba ya jure a fizge shi ana cikin rubutu, don haka a riƙa sallamarsa ta kwamfuta kafin a zare. Kowane aiki kuma ya samu foldarsa guda, a cikinta bidiyo, sauti, hotuna, fayil ɗin aiki da abin da aka fitar. Bayan ka shigar da fayil cikin manhaja, kada ka sake masa suna ko wuri, in ba haka ba gobe ka buɗe ka tarar da jan allo tana cigiyarsa.

TAMBAYA: Nakan ɓata awoyi ina gyaran kala, a allona ya yi kyau, amma a wayar mutane fuska ta yi ja ko hoton ya yi duhu. Wani lokaci kuma bidiyon iPhone yakan fito fari fat. Ina kuskuren yake? — Wata mai karatu

AMSA: Ranki ya daɗe, matsala uku ce ta haɗu, kuma biyu daga ciki ba sa buƙatar sabon allo.

Ta farko ɗakin ne. Ido ba ma’auni ba ne, yana bin abin da ke kewaye da shi. Idan bangon da ke bayan allonki shuɗi ne, ko ƙwan ɗakin mai ruwan ɗorawa ne, idonki zai sauya abin da yake ɗauka fari, ke kuma ki gyara hoton zuwa inda bai kamata ba. Idan taga ce, abin ya fi muni, domin hasken safe daban, na la’asar daban. Kalar da kika yarda da ita da hantsi za ki ƙi ta da yamma. Sa labule mai kauri. Bangon da kike fuskanta ya zama ruwan toka tsantsa wanda bai karkata ko’ina ba, marar sheƙi. Kada kuma ki zauna a duhu ɗungurum, yana gajiyar da ido, yana sa ki ga hoton ya fi yadda yake haske. A sa ’yar fitila a bayan allo tana haska bango, mai zafin launi kelbin 6500, mai lambar CRI, wato ma’aunin yadda fitila ke nuna launi na gaskiya, 90 zuwa sama, a rage ta sosai, kada haskenta a bango ya wuce kashi ɗaya cikin goma na farin allon.

Ta biyu saitin allo. Ma’aunin bidiyo na yau da kullum shi ne Rec.709: fari a D65, wato kelbin 6500 ɗin nan, hasken fari nit 100 (nit ma’aunin hasken allo ne), gama, wato yadda haske ke hawa daga baƙi zuwa fari, 2.4 a ɗaki mai ƙarancin haske. Alluna suna fitowa daga kamfani da haske ninki biyu ko uku na wannan don su ɗauki ido a kanti. Mai gyara a allo mai ƙyalli haka zai riƙa rage haske, shi ya sa aikinki ke fita da duhu. Allon da ke da faɗin kala fiye da Rec.709 kuma, idan ba a ɗaure shi ba, yana ƙara wa komai armashin ƙarya. Nemi yanayin sRGB ko Rec.709 a cikin maɓallansa. Asalin ja da kore da shuɗin ma’aunan biyu iri ɗaya ne. Kashe duk saitin da ke sauya haske da kansa, da wanda ke rage shuɗi da dare. Wannan na ƙarshen ya ɓata ayyuka ba adadi. In da hali, sayi na’urar auna allo irin ta Calibrite ko Datacolor, ki bar allon ya yi minti 30 a kunne kafin awo, ki riƙa maimaitawa duk wata ɗaya ko biyu. Sai idan allon nau’in TN ne, wanda kala ke sauyawa da kin ɗan sunkuya, sannan za mu ce a canza. Nemi allo nau’in IPS mai rufe kashi 99 ko 100 na sRGB, inci 24 zuwa 27. Daidaiton kala ya fi yawan fiksel muhimmanci a nan. Allon 1440 mai faɗin gaskiya ya fi na 4K maƙaryaci.

Ko da allon ya daidaita, koyi karanta ma’aunan da ke cikin manhaja. Webfom yana nuna inda baƙi da fari suka tsaya. Bektaskof yana nuna kala, kuma yana da wani layi da fatar ɗan Adam ke kwanciya kusa da shi, baƙa ce ko fara. Bambancin baƙar fata da fara a haske yake da ƙarfin kalar. Keɓe goshi ko kumatu ki ga ko ya kauce wa layin zuwa ja. Ma’auni ba ya gajiya da ƙarfe biyun dare, ido kuwa yana yi.

Ta uku, iPhone. Tun daga iPhone 12 na 2020 wayar tana ɗauka da HDR, wato hoto mai faɗin haske fiye da na yau da kullum, idan ba a kashe ba. Ɗora wannan a aikin Rec.709 ba tare da juyawa ba shi ke sa ya fito fari fat. Ko ki kashe HDR a saitin kyamara kafin ɗauka, ko ki kunna sarrafa kala a manhaja ta sauko da shi. Bayan duk wannan, wayoyin mutane ba za su taɓa zama ɗaya ba. Abin da ake nema shi ne aikinki ya tsaya a tsakiya, don karkatar kowace waya ta zama kaɗan.

TAMBAYA: A farkon bidiyo baki da murya suna tafiya tare, amma bayan minti ashirin sai murya ta riga baki. Da waya nake ɗauka. — Wani mai karatu

AMSA: Bambanta abu biyu, Malam. Idan tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, duba kunnenka: hedifon na Bluetooth yakan makara da milisakan 100 zuwa 200, a bidiyo mai firem 25 kusan firem uku zuwa biyar ke nan. Wanda ya daidaita murya da shi ya gyara abin da ba shi da lahani. Yi amfani da mai waya. Idan kuwa tazarar ƙaruwa take yi, kamar taka, to wayar ce ba ta riƙe yawan firem ɗinta. In haske ya ragu ko ta yi zafi sai ta rage, manhajar tacewa kuma tana lissafi kamar ba a sauya ba. Masu naɗar allon kwamfuta ma suna haka. Manhajar MediaInfo za ta nuna maka ko yawan firem ɗin tsayayye ne ko mai sauyawa. Kafin ka fara yanka, bi da fayil ɗin ta HandBrake ko Shutter Encoder, ka zaɓi adadi guda, 25 ko 30, ka ce ya tsaya a kai. Sautin da ka ɗauka daban kuma ya kasance a kilohaz 48, shi ne na bidiyo, 44.1 na faifan CD ne.

TAMBAYA: Ɗakina yana amsa-kuwwa, sifikuna kuma suna wani ƙugi ko ba a kunna komai ba. Na liƙa soso da kwalayen ƙwai a bango, babu canjin kirki. — Wani mai karatu

AMSA: Kwalayen ƙwai a cire su, ba sa komai sai tara ƙura, ga haɗarin gobara. Soso siriri kuwa siririn sauti kawai yake sha. Sauti mai kauri na haz 100 tsawon igiyarsa ya kai mita 3.4, soson santimita 2 bai ma san ya wuce ba. Sakamakon shi ne ɗaki ya dushe a sama, ƙasa kuma tana nan tana gurnani, ka ga an yi ba a yi ba.

Fara da zama. Fuskanci gajeren bango, tebur a tsakiyar faɗin ɗaki, kada ka kwanta a kusurwa. Kanka ya kasance wajen kashi 38 na tsawon ɗakin daga bangon gaba. Tsakiyar tsawon ɗaki cif ita ce mafi munin wuri ga sauti mai kauri. Sifiku biyu da kanka su yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙaramin bakin kowace yana daidai da kunnenka. Kada su zauna kai tsaye a kan tebur, sa musu matashi ko ƙafa. A ƙaramin ɗaki sifika mai inci 5 ta isa, mai inci 8 rigima za ta ƙara.

Sannan ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon dama da na hagu. Duk inda ka hango sifika a madubin, nan sauti ke dukan bango ya dawo kunnenka, nan za a rataya abin sha. Yi shi da firam ɗin katako, santimita 60 sau 120, a cika da audugar dutse ko ta gilashi mai kaurin santimita 10, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Hura shi da baki ka gani. Sa safar hannu da takunkumi wajen aikin, abin yana ƙaiƙayi. Barin ’yar tazara tsakaninsa da bango yana ƙara masa ƙarfi. Huɗu zuwa shida sun isa farawa, masu kauri kuma a kusurwoyi. Ka lura, wannan gyaran sautin cikin ɗaki ne, ba zai hana ƙarar waje shigowa ba. Wancan aikin nauyin bango ne da toshe kafofin ƙofa da taga.

Ƙugin kuwa yawanci na wuta ne, haz 50 ko 60, yana zuwa idan kwamfuta da sifiku suna soket daban-daban. Haɗa su a reshe ɗaya, yi amfani da waya mai bakin XLR ko TRS daga na’urar sauti ta USB, ka raba hanyar wayar sauti da ta wuta. Kada ka kuskura ka cire ƙafar ƙasa ta filogi don ƙugi ya tafi. Ita ce ke tsakaninka da jan wuta. Wajen fitarwa, YouTube yana sauko da abin da ya fi ƙarfin kusan -14 LUFS, wato ma’aunin ƙarfin sauti, tashoshin da ke bin ma’aunin EBU R128 na Turai kuma -23 suke nema. Ƙololuwar sauti kada ta haura desibel -1.

TAMBAYA: Kwamfutata tana mutuwa ko ta rage gudu a tsakiyar fitar da dogon bidiyo. Kuma wane UPS, wato batirin riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, zan saya? — Wata mai karatu

AMSA: Hajiya, zargi zafi da farko. Fitar da bidiyo yana ɗora wa firosesa da katin hoto cikakken kaya na dogon lokaci, kuma firosesa idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 takan rage gudu don ta tsira. Manhajar HWiNFO za ta nuna miki zafin ana cikin aiki. Kashe ta, zare wuta, hure ƙura daga fankoki da haƙoran sanyaya, ki riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Idan ta shekara uku ko huɗu, a sake man da ke tsakanin firosesa da abin sanyayarta, ɗigo kamar ƙwayar wake. Akwatin kada ya shiga cikin kabad rufaffe, laftof kuma kada ta hau katifa. In zafi daidai yake amma tana ɗaukewa ɗif da an ɗora kaya, akwatin wuta ne ya gaza, musamman in an ƙara katin hoto ba a canza shi ba.

UPS kuma da wat ake auna shi, ba da babbar lambar VA da ke jikin kwali ba. Da yawa masu VA 1000 wat 600 kawai suke ɗauka. Tara naki: a ce kwamfuta 350, allo 40, faifai 30, jimilla 420, ƙara rubu’i, 525. Nemi mai fitar da wuta mai tsabtar igiya, irin ta layi, domin akwatunan wutar zamani wasu ba sa jituwa da mai tsani-tsani, sai su mutu daidai lokacin da aka koma batir. Aikinsa ya ba ki ’yan mintoci ki adana ki kashe, ba ki ci gaba da aiki ba. Firinta mai leza ba ta hawa kansa. Batirinsa yakan yi shekara uku zuwa biyar, zafi kuma yana rage masa kwana.

TAMBAYA: Na haɗa faifai biyu a RAID, wato suna aiki tare kamar faifai guda. Na tsira daga asarar aiki ke nan? — Wani mai karatu

AMSA: A’a. Idan RAID 0 ne, haɗarin ma ka ninka, domin an raba kowane fayil tsakanin faifan biyu, ɗaya ya mutu duka sun tafi. RAID 1 yana kare ka daga mutuwar faifai guda kaɗai. Abin da ka goge bisa kuskure, ko cutar kwamfuta ta kulle, nan take yake faruwa a duka biyun, ɓarawo da gobara kuma tare za su ɗauke su. Ƙa’idar ita ce kwafi uku, a kan ma’ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban ko a intanet. Kada ka share katin kyamara sai bidiyon ya zauna a wuri biyu, kuma ka yi kwafin da manhaja mai tantancewa, kamar TeraCopy ko sashen kwafi na cikin Resolve. A Resolve ɗin, ayyukanka a rumbun manhajar suke, ba a foldar bidiyo ba, sai ka fitar da fayil ɗin aikin da hannunka ka ajiye tare da sauran. Lokaci-lokaci ɗauko wani tsohon aiki daga ajiyar ka buɗe, ka ga ko da gaske yana buɗuwa.

TAMBAYA: Bayan awa huɗu wuyana da bayana sukan riƙe. Tebur zan canza ko kujera? — Wata mai karatu

AMSA: Gwada gyara tsayi kafin ki canza komai, ’yar’uwa. Tafin ƙafa a ƙasa, gwiwar hannu a lanƙwashe daidai da saman tebur, kafaɗa a sake. Saman allo daidai da ido ko ƙasa kaɗan, nisansa tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70. Laftof ba ta ba da wannan, domin in allon ya yi daidai maɓallan sun yi sama. Ɗora ta a kan wani abu, ki haɗa kibod da linzami na daban. Mai allo biyu ta sa wanda ta fi kallo a gabanta sosai, ba ta zauna tana kallon tsagar da ke tsakaninsu ba. In dole sai an sayi ɗaya, kujera ce, mai hawa da sauka da tokarar ƙugu. Tebur kuwa zurfinsa ya kai santimita 70 zuwa 80 don allo da sifiku su samu wuri. Duk minti 20 ki kalli abu mai nisan mita 6 na sakan 20, duk awa ki miƙe. Ki kuma saba da maɓallan J da K da L, baya, tsaya, gaba. Suna rage wa hannun dama jan linzami. Idan ciwon ya zo da dindiris a yatsu ko ya ƙi tafiya bayan makonni, a ga likita.